Takobin Bayajidda da Salkar Hajaratu

A cikin wa'azozin gwaji da ɗalibai ke kawo mini in duba, akwai guda ɗaya da ke dawowa kusan kowace shekara, ko da yake masu rubuta shi ba su san juna ba. Na bana ya fito ne daga hannun wani ɗalibi da ya yi aikin hutu a wata ƙaramar ikilisiya a yankin Sandamu, cikin masarautar Daura. Nassinsa Farawa 3:15 ne, inda Allah ya yi alkawari cewa zuriyar mace za ta murƙushe kan maciji. Misalinsa kuwa labarin Bayajidda. Ba zan ambaci sunan ɗalibin ba, domin wa'azin ba nasa ne shi kaɗai ba. Ni ma na yi shi ina saurayi, har dattawa suka yaba mini a ƙofar majami'a. Saboda haka gyaran da zan yi a nan, a kaina zai fara sauka.

Labarin kowa ya san shi, amma bari in maimaita domin mu ga inda wa'azin ya taka da inda ya tsallake. Baƙo ya fito daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa makami, ya iso Daura da dare. Ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu, domin macijin da ke cikin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya karɓi guga, ya tafi shi kaɗai, ya sare kan macijin. Da gari ya waye sarauniya Daurama ta yi shela cewa wanda ya yi wannan aiki za a ba shi rabin gari. Maƙaryata suka yi ta fitowa, har aka gano baƙon ne. Ya ce ba ya son rabin gari, sarauniyar yake so da aure. Daga nan mai wa'azi ya juya ya ce: haka Yesu ya zo daga nesa, ya tarar da mu cikin ƙishi, ya kashe macijin, ya buɗe mana rijiyar ruwan rai kowace rana. Sai ya rufe da kira ga masu bi su zama jarumawa kamar Bayajidda, kada su ji tsoron kowa.

Ba na cikin masu cewa kada a kawo labarin gargajiya kan bagade. Bulus ya tsaya a Atina ya ɗauko maganar mawaƙan mutanen wurin, bai ji kunya ba. Kuma akwai abu mai kyau ƙwarai a wa'azin nan. Mutumin Sandamu ya san ƙishi. Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da gyaɗa, inda mace ta san nauyin guga a watan bazara. In ka ce masa akwai ruwan da ba a jiran ranarsa, ya gane ka kafin ka buɗe Yohanna sura 4. Ɗalibin ya kama wannan da kyau, na kuma ba shi makinsa a kai. Damuwata tana wani wuri.

Tambayar farko da na rubuta a gefen takardarsa ita ce: wane ne macijin? A bakin mai wa'azi, Shaiɗan ne. Amma wa'azi ba ya ƙarewa a bakin mai yinsa, a kunnen mai ji yake ƙarewa. Ka tsaya gaban mutum talatin ko arba'in, waɗanda su kaɗai ne Kirista a gari, wasunsu an ƙi sayar musu da fili, wasu an ƙi gaisawa da su a kasuwa, ka ce akwai wani abu da ya tsare rijiya ba ya barin ruwa sai Juma'a. Ko ba ka nufa ba, wasu za su fita suna ganin maƙwabtansu Musulmi ne macijin. Ɗalibin ma ya ɗan jaddada kalmar Juma'a har sau uku, na ja mata layi duk ukun. Wannan ba gaskiya ba ce, ba kuma hikima ba ce. Afisawa 6:12 ta riga ta hana mu ɗaukar ɗan adam a matsayin abokin gabarmu. Rijiyar Kusugu kuma abin alfaharin mutanen Daura ne, har yau baƙi na zuwa ganinta. Wanda ya ari labarin mutane ya mai da shi habaici a kansu, ya ci amanar aro.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ɗalibin tauhidi ya lura da shi. A wurin da Yesu ya kawo maganar maciji a kan mutuwarsa, wato Yohanna 3:14, bai kamanta kansa da mai sara ba. Ya kamanta kansa da macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji, a Littafin Ƙidaya sura 21. Shi ne wanda aka rataye, mutane suka duba suka rayu. Alkawarin Farawa 3:15 ma bai ɓoye cewa za a sari diddigen mai nasara ba. Bayajidda ya koma gidan Ayana ya kwanta ba ko ƙwarzane. Duk wa'azin da ya kai mutane ga nasara ba tare da rauni ba, ya bi ta bayan gicciye ya wuce.

Amma babbar matsalar ta fi wannan zurfi, tana cikin yadda mu Hausawa muka raba duniya gida biyu. Akwai gida, akwai daji. Dabba ta gida ce ko ta daji. Kakanninmu har iskoki sun raba haka, na gida da na daji. Gida shi ne zaure da tsakar gida da rumbu da murhu, inda aka san sunan ubanka. Daji kuwa wurin kura ne da aljan da ɗan fashi, ba mai shigarsa da gangan sai maharbi da ɗan tauri da wanda ya sha magani. Muna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A wannan tsari, jarumi shi ne wanda ya ratsa daji ya fito da rai, ladansa kuma gida ne, babban gida in da hali. Labarin Bayajidda a kan wannan tsari aka gina shi: daji hanya ce kawai, mugun abu ya shigo cikin gari, jarumi ya kawar da shi, ya zama mai gida. Ya ƙi rabin gari, gaskiya ne, amma wanda ya auri mai gari ai ba rabi ya samu ba.

Littafi Mai Tsarki bai zana duniya haka ba. Kalmar Ibraniyanci da aka juya mana da jeji, wato midbar, sau da yawa ba ƙungurmin daji take nufi ba. Fili ne busasshe inda makiyaya ke kai tumaki, irin wanda za ka gani in ka ƙetare iyaka ta Kongolam ka yi arewa ka wuce Damagaram. A can Musa yake kiwon garken surukinsa sa'ad da Allah ya kira shi. Ku kuma duba yadda Luka ya jera sura 4. Ruhu ya kai Yesu jeji kwana arba'in. Markus ya ƙara da cewa yana tare da namomin jeji, mala'iku suna yi masa hidima. Ya fito lafiya. Daga nan Luka ya kai mu Nazarat, garin da ya girma, majami'ar da ya saba shiga, cikin mutanen da suka san shi ɗan Yusufu ne. Su ne suka ja shi zuwa bakin dutse za su jefa shi ƙasa. Namomin jeji ba su taɓa shi ba, 'yan gida ne suka nemi ransa. A jejin nan kuma aka yi masa tayin da ya fi na Daurama nesa ba kusa ba, mulkokin duniya duka da darajarsu, ya ƙi. Yaya za mu ɗauki wanda ya ƙi sarautar da aka miƙa masa, mu sa masa rigar wanda labarinsa ya ƙare a gadon sarauta, ba tare da mun faɗa wa jama'a inda rigar ta matse ba?

Akwai mutane uku a labarin Bayajidda da wa'azin ya tsallake, dukansu mata ne. Ta farko Magira, 'yar sarkin Barno, matarsa ta fari. Da suka gudo daga Barno tana da ciki, ya bar ta a Garun Gabas, wajen Haɗeja, ya ci gaba da tafiya. A can ta haifi Biram. Ban taɓa jin mai wa'azi ya ambace ta ba, dalilin kuwa a fili yake: jarumin da ya bar mace mai ciki a hanya ba ya kama da Makiyayi mai kyau. Ta biyu Ayana, tsohuwar da ta buɗe ƙofa da dare ga baƙon da ba ta sani ba, ta kuma ba shi gugarta. In ana neman ƙarfin hali a labarin, nata bai gaza nasa ba, domin ita ba ta da makami, kuma ita ce za ta kwana a garin in abin ya ɓaci. Na san masu bishara da yawa a ƙasar Katsina da Daura waɗanda wata Ayana ce ta fara ba su ɗaki da ruwan sha, kuma mafi yawan lokaci ba Kirista ba ce. Ya kamata a riƙa tunawa da su a addu'ar ikilisiya da suna.

Ta uku ita ce Bagwariya, baiwar da Daurama ta ba Bayajidda. Ta haifi ɗa aka sa masa Karɓagari. Daga baya sarauniya ta haifi nata, Bawo, wanda 'ya'yansa shida, tare da Biram, aka ce su ne tushen Hausa Bakwai. Zuriyar ɗan baiwa kuwa aka kira su Banza Bakwai. Duk wanda ya karanta Farawa zai ji wani abu ya motsa a ransa: uwargida ba ta haihu ba, ta ba miji baiwa, baiwa ta haihu, uwargida ta haihu daga baya, gādo ya koma ga ɗan uwargida. Masanin tarihi Bajamushe Dierk Lange ya yi rubutu a kan wannan kamanni da labarin Ibrahim da Saratu da Hajaratu. Ba sai mun bi shi zuwa inda ya kai maganar asalin labarin ba. Abin da ya shafe mu shi ne inda labaran biyu suka rabu. Labarin Daura ya bi ɗan sarauniya zuwa fada, ya bar baiwa da ɗanta da sunan banza. Farawa kuwa, ko da yake alkawari ta wurin Ishaku ya bi, ta tsaya ta bi baiwa zuwa jeji har sau biyu.

A sura 16 Hajaratu ta gudu da ciki saboda wulakancin uwargijiyarta. Mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin wata maɓuɓɓuga a hanyar Shur, ya kira ta da sunanta, abin da Ibrahim da Saratu ba su yi ba a duk surar, su baiwa kawai suke ce mata. Ita kuma ta raɗa wa Allah suna, Allah mai ganinta. A sura 21 ba guduwa ta yi ba, korarta aka yi. Ibrahim ya tashi da sassafe ya ɗora mata gurasa da salkar ruwa. Ta yi ta yawo a jejin Biyer-sheba har ruwan ya ƙare, ta ajiye yaron a gindin wani ɗan itace, ta koma nesa kaɗan domin kada ta ga mutuwarsa. Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe idanunta, ta ga rijiya, ta cika salkar. Ga rijiya biyu ke nan a gabanmu. Ɗaya a tsakiyar gari, an buɗe ta da takobi. Ɗaya a jeji, ba wanda ya sari kowa, ido aka buɗe. Gidan da ya kore ta kuwa ba gidan arna ba ne, gidan uban masu bangaskiya ne. Wannan ya isa ya hana mu nuna wa wasu yatsa, domin ikilisiya ma ta iya korar mutum da gurasa da salka.

Yanzu ku dubi mutanen da ke zaune a kan bencin ikilisiyar da ɗalibin ya yi wa wa'azi. Nawa ne a cikinsu za su taɓa zama Bayajidda? Ba su da takobi, ba kuma wanda zai ba su rabin gari. Amma wanda aka ware wa kwano a gidan ubansa yana nan. Gwauruwar da dangin miji suka karɓe gona yana nan. Yarinyar da aka fasa aurenta saboda baftisma tana nan. Waɗannan 'yan'uwan Hajaratu ne. Ƙarfin halin da suke bukata shi ne na tashi a ɗauki yaro a riƙe shi da hannu bayan ruwa ya ƙare. In ka ce musu su zama Bayajidda, ɗayan biyu zai faru: ko su ga bangaskiyarsu ba ta kai ba tunda ba su ci gari ba, ko wani saurayi mai zafin kai ya je ya tsokano abin da zai ci ikilisiyar duka, alhali mai wa'azin ya riga ya koma makaranta.

Dole in yi gargaɗi a kan Farawa 16:9, inda aka ce wa Hajaratu ta koma wurin uwargijiyarta. Na ji fastoci suna ɗaukar ayar nan su mai da matar da ake duka gidan mijinta. Wannan zalunci ne da sunan nassi. A sura 16 an ce ta koma, tare da alkawari a kan ɗanta. A sura 21 ba a ce ta koma ba, a jejin Faran Isma'ilu ya girma, Allah yana tare da shi. Haka Yesu ya ce wa wasu su bar gida su bi shi, amma mutumin Garasinawa da ya roƙi ya shiga jirgi tare da shi, sai ya mai da shi gida wurin danginsa, a Markus 5:19. Babu doka ɗaya da za ka haddace. Aikin makiyayi ne ya zauna da mutum, ya saurara, ya yi addu'a, ya gane ko wannan lokacin komawa ne ko na nisanta. Sabon mai bi da aka yi gaggawar ɗauke shi zuwa Jos ko Kaduna ya tsira da ransa, wani lokaci kuma hakan ne daidai. Amma sau da yawa mun cire mutum daga gidansa tun ba a kore shi ba, muka tabbatar wa danginsa zargin da suke yi cewa bin Almasihu yanke zumunci ne.

Tarihinmu ma yana gefen Hajaratu. A zamanin Turawa ba a bar 'yan mishan su yi wa'azi a cikin biranen masarautu yadda suke so ba. Ƙofar da ta buɗe a ƙarshen shekarun 1930 ita ce ta jinyar kutare, sa'ad da mishan ɗin SIM ta karɓi aikin a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. Da yawa daga cikin masu bi na farko a wannan ƙasa a can suka ji bishara, a bayan gari, cikin mutanen da gida ya ƙi. Wasunsu suka warke suka koma ƙauyukansu da littafi a hannu da yatsun da suka rage. Ibraniyawa 13:12 da 13 ta ce a bayan ƙofar birni Yesu ya sha wahala, ta kuma kira mu mu fita wurinsa can. Ikilisiyar da aka haifa a Babbar Ruga ba ta da dalilin jin kunyar bayan gari. Shi ya sa nake jin zafi in na ji ɗalibi ya gama karatu, an tura shi ƙauye, yana cewa an jefa shi daji, yana neman wanda zai yi masa hanya a mai da shi birni. Shi ne kuma zai hau bagade ya yi wa manoma wa'azin jaruntaka.

Kada kuma mu juya mu mai da daji wuri mai tsarki. A Jihar Katsina ta yau, in aka ce an shiga da mutum daji, kowa ya san abin da ake nufi. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. Mutanen Batsari da Safana da Jibiya sun san dajin Rugu ba a littafi ba. Yankin Daura ya fi samun sauƙi, amma waɗanda suka gudo suna cikinmu, Musulmi da Kirista. Kada wani ya tsaya gaban wanda ya biya kuɗin fansa ya ce masa daji makarantar Allah ce. A jeji tsara guda ta Isra'ila ta mutu. A jeji Iliya ya kwanta ya roƙi mutuwa, kwana kaɗan bayan nasararsa a Karmel, kuma abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya ba shi abinci da ruwa ya bar shi ya yi barci. Nassi bai yabi jeji ba. Abin da ya shaida shi ne Allah yana zuwa can, yana jin kukan yaro a can.

Da na mai da wa ɗalibin takardarsa, ya tambaye ni ko ya jefar da misalin gaba ɗaya. Na ce a'a, ya riƙe ƙishin, ya riƙe Ayana, ya faɗa wa jama'a a fili inda Yesu ya saɓa da Bayajidda, ya kuma sake rubuta wa'azin daga Farawa 21. Sai na ba shi labarin wani da na sani shekaru da suka wuce, daga wani ƙauye a wannan yanki nasu. Da ya karɓi baftisma, mahaifinsa ya ce kada ya ƙara kwana a gidan. Muka yi masa tayin kuɗin mota zuwa Kano, ya ƙi. Ya kafa bukka a gonarsu ta nesa, wadda mutanen wurin ke kira daji ko da yake gero ne ko'ina. Kowace damina yana fitowa aikin gandu tare da 'yan'uwansa, ba mai yi masa magana, ya yi nomansa ya koma. Mahaifiyarsa takan aiko ƙanwarsa da fura a ɓoye. Haka aka yi shekara shida. Ranar da tsohon ya rasu, ya zo ya tsaya a baya sa'ad da ake salla, bai matsa ba. A maƙabarta aka rasa ruwan kwaɓa ƙasa, sai ya ɗauki tulu ya tafi rijiya, ya yi sawu uku. Da aka gama, yayansa ya dube shi ya ce, “Ka biyo mu gida, akwai masu zuwa gaisuwa.”